Ranar da Kakana Ya Aika Wakili Coci

Duk ranar da ake ɗaurin aure a unguwarmu, na jiyo wakilin ango ya ɗaga murya ya ce sun karɓa, sai dariya ta kama ni, har maƙwabta su ɗauka na fara taɓuwa. Ba taɓuwa ba ce, kakana nake tunawa.

Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori, babana yana tuƙa tifa a wurin aikin, shi ne ya kwaso mu daga ƙauyenmu na bayan Kwatarkwashi zuwa Talata Mafara, har da iyayensa. Mu asalinmu Maguzawa ne. Duk gidan an karɓi bishara an yi baftisma, sai kakana kaɗai. Ba wai gaba yake yi da abin ba. Ran Lahadi, muna waƙa a 'yar rumfar kwanon da muke sujada bayan barikin lebura, yana can gindin bedi, wato dogon yaro, yana kaɗa ƙafa. Shiga ce dai ba ya yi.

Kakata kuwa abin ya hana ta sakat. Tsoronta ɗaya ne, kada a raba ta da tsohon nan a lahira. Takan ce ba ta yarda ba, ta dama masa fura tun tana yarinya sannan a ɗauke shi a kai wani wuri. Mita safe, mita yamma, har tuwo sai an haɗa masa da wa'azi.

Da mitar ta ishe shi, sai ya yi abin da ya sani. Shi mutumin da ne, bai taɓa neman abu mai girma da bakinsa ba. Aurensa kawunsa ya nema masa, gonarsa ƙaninsa ya yi cinikinta. A ganinsa rashin kunya ce mutum ya tunkari ko da hakimi kai tsaye, balle Allah. Don haka ya sayo ƙwaryar goro ya kai wa maigidan da muke haya a gidansa, ya ce ya je coci ya nema masa shiga. Wannan dattijo Musulmi ne, amininsa na hira, kuma daga Mafara har Bakura an san shi da iya tsayawa neman aure. Ya ce wa kakana anya ana haka kuwa? Amma aminci ya fi ƙarfinsa.

Ba zan manta da la'asar ɗin ba. Zafin bazara ne, kwanon rumfar yana ta ƙara. Ga dattijo a gaba cikin babbar riga, ga 'yan'uwansa na wajen Maradun da ruwan dam ya ci gonakinsu suka sauka gidansa, sun biyo shi rakiya don zaman banza ya gundure su, ga mu yara a baya. Mai bishara, wani siririn saurayi, da ya hango rawuna sai ya miƙe, ya zaci tashinmu za a yi daga filin. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gajiya da iyali da zafi, sannan aka tura goro gabansa.

"Wakilai muke," in ji dattijo. "Amininmu ya aiko mu mu nema masa shiga addininku, in an ba mu."

Mai bishara ya dubi goro, ya dubi rawuna. Sai da ya haɗiye dariyarsa sannan ya ce, "Baba, ai Wakili an riga an bayar, Yesu Almasihu ne, shi ya tsaya ya biya komai. Abin da ya rage, mutum ya ce da kansa ya dogara gare shi. Wannan ko uwarsa ba ta iya faɗa masa."

Dattijo ya jinjina kai. Ya ce gaskiya ne, shi ma bai taɓa tsaya wa kowa ba sai mai abin ya ce ya wakilta shi. Aka raba goron nan aka ci, don ba a mai da goro gida. Kakana ya yi sati yana huci, yana cewa an cinye masa goro ba a ba shi komai ba. Ni da muke wasan jika da shi, sai in durƙusa in ce, "Ango, an hana ka?" Ya wawuri sanda.

Sai da damina ta yi nisa, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sannan ya sa aka kira mai bishara, ya kori kowa daga ɗakin. Kakata ta fita kamar gaske, ta zagaya ta laɓe bayan zana, ni ina riƙe da zanenta. Mun ji sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Can muka ji muryarsa, a shaƙe amma sarai.

"Na yarda da shi. Ni da bakina. Amma kak ka hwaɗa ma tsohuwar ga, ta samu abin gori."

Kakata ta toshe bakinta da gefen zane, hawaye na zuba. Kuma ka san abin da ta yi? Washegari ta ci gaba da mitarta kamar ba ta ji komai ba, don kada ya ji kunya. Haka ta yi ta yi masa faɗan ya tuba har ya rasu bayan kaka, shi kuma yana juya mata baya yana murmushi, wai ya ɓoye mata.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Babu sauran mai jin nauyin buɗe baki, yaran yau ko gwamna za su zaga a waya. Amma autana da ke birni, in na tambaye shi zancen bangaskiya, sai ya ce, "Inna, ai kina yi mana addu'a, ta wadatar." Addu'a kam ina yi, har gwiwoyina sun gaji. Amsar ce ba ni da ikon bayarwa, kuma wallahi da ana iyawa, da tuni na ba da ita.