Ranar da Aka Sa Kakata a Bangon Mangaza

Kakata Hajo bandar kifi ce sana'arta a Madarumfa. Masunta na fitowa daga tabki da hantsi, ta sayi tarwaɗa, ta yini tana gyara, da magariba ta hura wuta ƙarƙashin raga a bayan ɗakinta. Wutar banda ba ta son gaggawa, sai an zauna an yi tsaronta. Nan muke taruwa mu jikokinta don jin tatsuniya, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. In ta juya kifi sau ɗaya sai ta goge hannu da zane ta ce, "To, ga wata nan ta taho da ƙafarta." Mu ce a shimfiɗa mata tabarma. Ni take kira ƙawarta, kuma kan kifin da ya ƙone nawa ne, ba gardama.

Ina da shekara tara aka yi babbar yunwar nan. Damina ta ƙi, tabki ya janye har ana taka ƙasa inda dā jirgi ke wucewa. Mutanen arewa suka gangaro, dabbobinsu sun ƙare a hanya. Kaka ta sauke iyali biyu a tsakar gidanta, mutanen da ko harshensu ba ta ji sosai. Tana da rumbu guda na tsohon gero da ta hana kowa taɓawa shekara biyu. Shi ta buɗe musu, har ya kai ƙasa.

Da aka kawo jar dawa ta taimako, a bakin mangaza, babban ɗakin ajiyar gyaɗa, aka yi rabo. Buhuna sun fashe, hatsi ya zube cikin rairayi. Bayan mutane sun watse Kaka ta ɗauki rariya da faifai, ta durƙusa tana tace ƙasar, don 'ya'yan baƙinta su samu kunu. Ina tsaye kusa da ita wata mota ta tsaya. Wani ya fito da baƙin akwati a kafaɗa, ya auna ta da shi, ya koma mota. Ko sallama bai yi ba. Kaka ta ɗauka masu awon hanya ne.

Shekara ta zagayo, aka yi ruwa, baƙi suka koma ƙasarsu. Sai ga mai shela yana cewa motar silima za ta zo. Aka shafe bangon mangaza da farar ƙasa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin hoto mai motsi ba, mutane suka zo har daga ƙauyuka a kan jakuna. Bayan isha'i aka tada injin, haske ya tsaga duhu ya faɗa kan bango. Da fari aka nuna yadda ake zuba wa irin gyaɗa magani. Sai murya ta canza, aka fara nuna shanu matattu. Can sai ga wata tsohuwa durƙushe, kanta ya kai girman rumbu, tana tace ƙasa.

Ni ce na fara ihu. "Ga Kaka! Ga Kaka!" Har da tafi. Fili ya ɗauki shewa da dariya. Sai muryar nan mai santsi, irin ta rediyo, ta ce: "Ku dubi wannan baiwar Allah. Da ta yi tattali lokacin wadata, da ba ta kai ga tsintar ƙasa ba."

Kaka na zaune a baya cikin mata. Ta miƙe, ta ratsa mutane, ta tsaya tsakanin injin da bango, inuwarta ta rufe hoton gaba ɗaya.

"Kai mai injin," ta ce, "ka san sunana?"

"Inna, ki zauna. Ni nunawa aka ce in yi. Daga birni aka aiko shi."

"To wanda ya aiko shi, yaushe ya leƙa rumbuna?"

Wani gardi mai tsaron wurin ya zo zai kama hannunta. Ta ce, "Kak ka taɓa ni, ɗan nan. Ni na dama furar sunanka." Ya janye. Ta juya ta bar filin, silima kuwa ta ci gaba da abinta.

Washegari motar ta wuce garin Gabi, daga nan garin Sarkin Yamma, duk kasuwannin da Kaka ke kai kifi. Yara suka sa mata Tsintau. Babana ya je ofishin kumandan mai mulkin yankin, ya zauna a kan benci tun safe har la'asar, aka ce masa hoton na wayar da kan talakawa ne, ba da kowa ake ba. Abin da har yau ke tafasa mini zuciya ba baƙon da ya ɗauki hoton ba ne kaɗai. Garin nan kaf ya san inda geron Kaka ya tafi. Akwai matan da suka zo da ƙoƙo da duhun asuba ta auna musu. Amma ranar nan ba wanda ya miƙe tare da ita. Bango ya faɗa, sai idanunsu suka fi yarda da shi.

Kwana uku tana juya kifi ba tatsuniya. A na huɗu ta ba mu tatsuniya, ba ta ma jira mun shimfiɗa tabarma ba.

Wai a wani gari akwai wata mata da maƙwabcinta makaho, mai kunyar roƙo. Kullum kafin gari ya waye sai ta ɗebi gero ta zuba masa a rumbu, ya tashi ya tarar, ya yi godiya ga Allah. Rannan wani mai zane ya sauka a garin, wanda Sarki ya ba bangon ƙofar gari ya zana abin da ya gani. Ya fito da asuba ya hangi mace da hannu cikin rumbun da ba nata ba. Kafin azahar ya zana ta a bango, babba, da jan zane irin nata. Duk mai shiga gari da mai fita sai ya gani.

Nan Kaka ta tsaya ta ce, "To ku hwaɗa mini, hannun da ke cikin rumbu a zane, shiga yake ko hita?" Muka ce ba mu sani ba. Ta ce, "Su ma ba su sani ba. Amma ba su tambaya ba."

Aka kori matar daga garin da jifa. Bayan kwana bakwai rumbun makaho ya bushe, sai ya gane, ya fito yana kuka yana faɗa. Mutane suka ɗebo ruwa don wanke bango, ashe launin ya shiga laka. Suka kankare, yana nan. Sai da suka rushe ƙofar garinsu da hannunsu. Suka aika neman matar gabas da yamma, ba a same ta ba.

Ƙanena ya ce, "Kaka, mai zanen fa? Kura ta cinye shi?"

"Wace kura? Ya amshi tukuicinshi ya yi gaba. Yana can wani gari yana zane." Ta tura itace cikin wuta. "Ta ƙare. Ku tahi ku kwanta."

Na tsaya bayan sun tafi. Na ce, "Kaka, ranar silima ni na fara tafi." Ta dube ni ta ce, "Na ji muryarki, ƙawata. Ke murna kika yi da ganina. Ba da ke nike ba." Amma daga shekarar nan ba ta sake zuwa kasuwa da kanta ba, sai aike, har ta rasu.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan mai zane take. Sai da na girma, na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, na gane yawancinta a kan 'yan kallo ne, masu sanin gaskiya su yi shiru don abin ya zo da girma da haske.

Kwanakin baya jikata ta kai ni wani biki a birni, inda matasa ke haska hotuna a jikin dogon bene. Abin da kyau, ba zan ɓoye ba, launuka na gudu a bango kamar ruwa. Sai ga fuskar wata tsohuwar ƙauye, girmanta hawa uku, tana kallon mu. Mutane suka yi ta tafi. Na nemi yarinyar da ta shirya abin na ce, "'Yata, wace ce wannan?" Ta ce daga wani tsohon faifan silima suka samo ta, ba a rubuta suna ba, amma ai fuskar ma tana magana.

Na ce, "Ita ce ke magana, ko ke?"

Ta ɗaga kai ta dubi fuskar. Ni kuwa na juya wa benen baya na zauna, har aka kashe wutar.