Awa Hamsin a Kunnen Baba

Duk sanda wani ya ce mahaifina ya fi kowa sanin giya, sai Umma ta haɗe rai ta ce, "Ku dinga ƙarasa magana don Allah, ta mota ake nufi." Shekara talatin da bakwai Baba yana tuƙa tarakta, kuma a cikinsu ko sau ɗaya bai taɓa hawa sabuwa ba. Duk wadda ta zo hannunsa sai ta gama shan wuya a hannun wasu. Wata an ɗaure mata salansa da waya, wata sai an tura ta a gangare kafin ta tashi, wata kuwa kujerarta ma buhu ne aka ninke gida huɗu. Haka zai zagaya ta sau biyu, ya ɗora tafin hannu a gefen inji kamar mai duba zazzaɓin yaro, sannan ya gaya wa mai ita abin da ke damunta. Bai yi makaranta ba. Lambobi kawai ya iya karantawa, su ma don saboda sifana da noti.

Ina yarinya har tsoronsa nake ji. Muna cikin cin abinci sai ka ga ya tsaya da loma a hannu, wata tarakta tana wucewa can bakin titi, ko ganinta ba ma yi. Sai ya ce, "Kulocin waccan ya kusa lalacewa." Kwana uku ba za a yi ba sai mu gan ta a gefen hanya an kwance mata ciki. Na daɗe ina zaton bakinsa ne ke kama su.

Mu biyu ya haifa. Yaya yana aikin ofis a birni, ni kuma ina koyar da lissafi a makarantar da ke bayan gidanmu, shi ya sa Baba ba ya kirana da komai sai Malama, musamman idan zai yi mini tsiya. Da ya cika shekara sittin da uku muka haɗa ƙarfi ni da Yaya muka saya masa sabuwar tarakta dal. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gida na zaci zai haye ya tayar, sai ya ƙi. Ya yi ta zagaya ta yana shafa fenti, ya sunkuya ya shinshina kusa da inji, ya ɗago ya ce, "Ashe haka suke ƙamshi." Umma ta juya ta shige ciki da sauri, wai ta bar abu a wuta.

Bakaniken kamfanin da ya rako ta ya yi mana bayani a tsaye. Ya ce man giya na farko ba a kai shi nesa, da ta yi awa hamsin tana aiki sai a juye shi, a canza har da matatarsa, daga nan kuma sai an daɗe kafin a sake. Ya nuna mana mitar da ke ƙirga awa a gaban sitiyari. Yaya ya rubuta a waya, sannan ya tambaya me ya sa za a zubar da sabon mai. Baba ne ya ba shi amsa.

"Ka san sabon dutsen niƙa? Garin farko da ya fito duk tsakuwa ce. Haƙoran giyar nan ba su saba da juna ba tukuna, suna goga juna, garin ƙarfe yana zuba a cikin mai. In ka bar shi, shi zai koma ya ci ta."

Bakaniken ya ce wallahi a wurin horo ma ba a yi musu bayanin da ya kai wannan ba.

To, akwai maganar da ke ƙasa. Yaya ba ya son Baba ya ci gaba da tuƙi. So yake a ɗauki direba, Baba ya zauna a inuwa yana ba da umarni, don a daminar bara sau biyu yana goge ginshiƙin ƙofar wata gona da garma, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya ce shi ba a saya masa doki a ce ya dinga kallonsa daga taga. Aka yi ta kai ruwa rana, har dai aka tsaya a kan zai tuƙa, amma ranar da aka ga hankalinsa ya fara kuskure a kan aiki, ranar zai miƙa makulli. Duk gidan mun san makullin nan shi ne ransa.

Sati uku ana ruwa, manoma suna layi a ƙofar gida kowa yana so a yi masa huɗa kafin ƙasa ta sha iska. Ran wata Asabar da safe Baba ya shigar da taraktar ƙarƙashin rumfa, ya kashe, ya ce ba inda za ta sai an canza man giya. Yaya yana gida ranar. Ya hau ya leƙa mita, ya sauko yana murmushin nan nasa na 'yan ofis.

"Baba, littafin kamfani ya ce hamsin. Mita ta ce talatin da takwas. Saura awa goma sha biyu, ga mutane suna jira."

"Mitar ƙarya take yi."

"Sabuwar mita ce fa, Baba."

"Sabo ba ya ƙarya ne? Ta wuce hamsin."

Ni dai in faɗi gaskiya, bayan Yaya na bi. Malamar lissafi ce ni, lamba ta ce abu kaza, tsoho ya ce a'a, wa kake so in zaɓa? Har na ji raina ya sosu, na ce a zuci ga abin da muke gudu ya zo. Yaya ya sassauta murya ya ce zai kira bakanike, in an duba mita lafiyarta lau, to Baba ya tuna alkawari. Baba ya ce, "Na tuna. Kira shi."

Kafin bakaniken ya iso na zauna kusa da Baba a kan benci na ce ya gaya mini yadda aka yi ya sani. Sai ya ce in ɗauko biro. Ya fara jero gonaki: ta mai kanti awa shida, ta bakin rafi awa tara saboda laka, ta tela uku da rabi, ranar da aka ɗebo taki awa huɗu har da jiran lodi, inji yana kunne. Haka ya bi kwana ashirin ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ba, ina rubutawa a bayan littafin wata ɗalibata. Na haɗa, na sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama. Hamsin da uku.

"Nawa kika samu, Malama?"

Na faɗa masa.

"Ni hamsin da biyu na samu. Wataƙila ke kika yi kuskure, a duba miki."

Ya ce ba lissafin kaɗai ba ne. Hannun da ke ɗaga garma da man giyar yake aiki, kuma tun shekaranjiya yana ɗan jinkiri kamar ƙiftawar ido kafin ya amsa, alamar matata ta fara cika. Giya ta uku kuma tana wani siririn kuka da ba ta zo da shi ba. Ya tayar, ya ce in hau in saurara. Na hau, na kasa kunne har na rufe ido. Ƙara kawai na ji, irin wadda kowace tarakta take yi.

Da hantsi bakaniken ya zo da jarkokin mai a bayan babur. Ya ce sai mai ya yi ɗumi yake zuba da kyau, don haka ya bar injin yana aiki, shi da Yaya suka zuba wa mita ido. Minti goma, minti ashirin, lambar ƙarshe ko motsi ba ta yi ba. Ya buga gefen mitar da yatsa sai ta motsa. Ya kwance murfin, ya zaro wata waya da ba ta zauna daidai ba, in an shiga gargada ta rabu, in an fito ta koma. Yaya ya mayar da wayarsa aljihu.

Sannan bakaniken ya kwanta a ƙasa ya tura baho, ya kwance notin da ke toshe ƙasan giyabos. Mai ya zubo. A ido kamar lafiyarsa lau, amma da ya karkata bahon wajen rana sai muka ga yana ƙyalli, ɗigo-ɗigo na ƙarfe suna yawo a ciki ba iyaka. A kan notin akwai maganaɗisu, kuma garin ƙarfe ya lulluɓe shi har ya yi masa gemu. Bakaniken ya zauna daɓas a ƙasa yana kallon Baba.

"Baba, shekarata goma sha ɗaya a aikin nan. Na'ura nake jonawa kafin in san abin da kai ka ji da kunne."

Mutumin nan da nake gyara wa lissafin canji a kanti, ashe akwai agogo a kansa da ya fi na kamfani. Kunya ta kama ni, alfahari kuma ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa kaina. Yaya ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ka yafe mini. Makulli naka ne, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Baba ya miƙa hannu aka ba shi notin. Ya murza garin ƙarfen tsakanin yatsu, ya kai shi dab da fuskarsa, ya matsar da shi nesa, ya sake kawowa. Sai ya juyo wajena.

"Malama, wane launi ne?"

Na zaci tsokana ce. Na ce toka-toka ne mana, mai ƙyalli.

"To madalla, laushi ne da shi, ba gutsure. Lafiyarta ƙalau." Ya miƙa wa bakaniken notin. "Mitar nan da kuke ta faɗa a kanta, tun ranar da aka kawo ta ban taɓa ganin lambar da ke jikinta ba. Hayaƙi nake gani a wurin. Shi ya sa nake ƙirgawa da ka."

Umma tana tsaye a bakin rumfa, na ga ta dafe ginshiƙi.

Baba ya laluba aljihu ya zaro makulli, ya kamo hannun Yaya ya damƙa masa.

"Kunne yana jin giya, amma ba ya jin mutumin da ya tsaya shiru a gaban taya. Nemo direbanka. Ni zan zaɓe shi, kuma kullum da safe ya fara kawo ta nan in saurare ta."

Yaya ya ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

"Duk wadda na taɓa tuƙawa, wani ne ya ɓata mata farkonta, ni kuma in yi ta jinya. Na ce wannan ɗaya dai, in kai ta hamsin ɗinta da hannuna." Ya goge yatsunsa a jikin wando, ya juya wajen bakaniken. "Zuba mata sabon, a hankali. Zan gaya maka in ta ƙoshi."