Riguna Ukun Wilf Ackroyd

Shekara goma sha tara ina tuƙa bas a garin Halifax na Ingila, Wilf Ackroyd yana bayana yana yankar tikiti, kuma ban taɓa jin ya rufe baki ba sai sau ɗaya tak. In ka shiga a tashar kasuwa, kafin ka sauka ka san wa ta haihu, wa likita ya hana gishiri, wa ya sayar da karensa. Ba mugu ba ne, cikinsa ne kawai ba ya riƙe magana. Sau da yawa nakan ji kamar in taka birki da ƙarfi, ko ya ciji harshe in huta.

A 1974 ciwon gaɓoɓi ya kama matarsa Mavis. Yatsunta suka kumbura, ga wankin mutum biyar da hannu duk Litinin. Shi ya sa Wilf ya rubuta wa wani shirin gasa na talabijin, "Amsa Ka Ɗauka", inda wanda ya ci mako uku a jere ake ba shi injin wanki.

A watan Maris suka kira shi Manchester, da takardar dokoki shafi huɗu. Ban da farar riga, ban da mai ratsi-ratsi, wai kyamara ba ta so. Ya zo da riga uku, domin shirin mako uku a yini ɗaya suke ɗauka. In ka ci, a kai ka ɗaki ka canja riga, a sake shafe ka da hoda, ka fito mai gabatarwa ya tambaye ka yadda makonka ya kasance. Ko bayan gida sai da ɗan rakiya. Babbar dokar tana ƙarshe: wanda ya faɗa wa wani sakamako kafin a nuna shirin, ko matarsa ce, ya rasa kyautarsa. Nunawa kuwa sai Yuni.

Wilf ya ci, amma a lokacin ba mu sani ba. Da ya dawo aiki na tare shi a gareji.

"To gwani, an ci ko an sha ƙasa?"

"Norman, tuƙa motarka," in ji shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan har muka tashi.

Na ɗauka zan ji daɗin shirun, sai ga shi tausayi yake ba ni. Mutumin ya rame. Ya daina zuwa mashaya don kada giya ta kwance masa harshe. Duk baƙon da ya shigo mota da malafa, gani yake ɗan leƙen asirin gidan talabijin ne. Tsofaffin matan da suka saba karɓar labari a wurinsa suka fara tambayata ko wani ciwo yake ɓoyewa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne Mavis. Yana kallonta tana matse zanen gado tana cije leɓe, ba dama ya ce mata ta ƙara haƙuri kaɗan. Ita kuma ko sau ɗaya ba ta tambaye shi ba.

"Ta riga ta yanke cewa na faɗi," ya ce mini wata rana, idonsa ja. "Kunyata take rufewa."

"To ka faɗin ne?"

Ya buɗe baki kamar zai faɗa. Sai ya kaɗa ƙararrawar bas ya wuce baya.

Lahadi ta uku a watan Yuni muka cika falonsu maƙil. Ga Wilf a talabijin cikin riga ruwan ƙasa, aka tambaye shi kogin da ya ratsa Vienna, ya amsa, aka ja labule injin ya bayyana. Wilf na gaske ya zame cikin kujera ya saki wani dogon numfashi, ni ma na ji an sauke mini kaya.

"Mavis," ya ce, "da kin san yadda na so in gaya miki."

"Ai na sani tun ranar," in ji ta, tana zuba shayi. "Riga uku ka tafi da su, duka uku suka dawo da hoda a wuya. Wanda ya faɗi tun farko, ɗaya yake ɓatawa."

Wilf ya zabura. "Ke nan an karya doka?"

"Zauna, sarkin surutu. Wa ka gaya wa? Ni wanki kawai na yi."

Ta ja shi kicin ta nuna masa gefen famfo. Tun watan Maris ta kwashe kwandon dankali daga wurin, ta share, ta bar shi fili.

Kashegari tun daga gareji ya fara ba da labari, kuma bai tsaya ba sai bayan shekara ashirin da biyu, ranar da muka binne shi. Ban sake sha'awar taka masa birki ba.