Littafin Zuwaira a Dutsen Pilat

Wata Asabar ce cikin watan Yuli na 1986, hantsi bai gama ɗagawa ba, Kawu Issufu ya tsayar da tsohuwar motarsa a bakin wani daji da ke gindin dutsen Pilat, tafiyar kamar awa guda daga Lyon. Shekarata goma sha ɗaya. Na fito daga mota sanyi ya buge ni, irin wanda ban taɓa zaton ana yi a tsakiyar watan zafi ba, ga ƙamshin itatuwan sapan masu ganye kamar allura, ga ƙarar ruwa daga wani wuri da ba na gani. Amma ni idona yana kan ƙafar Zuwaira, ɗiyar Kawu, wadda na girme ta da wata huɗu kacal. Ta zauna a kan wani kututture tana ɗaura takalmin hawan dutse, na fata, mai jar igiya, tana zagaya igiyar a ƙugiyoyi ko dubawa ba ta yi. Ni kuwa farin takalmin wasannin lakwal, wato makaranta, ne a ƙafata, wanda Inna ta goge mini da buroshi don kada in je gidan mutane da datti.

Mu a Sevran muke, wajen Paris, a unguwar Beaudottes, hawa na tara. Baba ɗan kasuwa ne mutumin Maradi. Da asuba yake sauka ya kama jirgin ƙasa zuwa cikin gari, yana harhaɗa shadda da turare da kayan mota yana aikawa gida, kuma ko Lahadi ba ya zama, don ranar ce 'yan uwansa 'yan kasuwa ke haɗuwa a Saint-Denis. Aikina kullum shi ne sayo burodi kafin lakwal, wanke kwanuka, da riƙe ƙanina idan Inna ta ɗora tuwon simul, wato tsakin alkama, da miyar kukar da ake aiko mana. In asansar, na'urar hawa bene, ya lalace, abin da ba ya wuce mako biyu bai yi ba, ni ke hawa da jarkar mai da buhun albasa, ina ƙirga matakala. Wasanmu a filin ajiye motoci ne. Muna zana 'yar gala-gala da alli a kan kwalta, muna tsallen roba da 'yan Mali da Larabawa har a leƙo ta taga a kira sunan mutum. Tudun da na sani duk duniya shi ne wani tarin ƙasa da magina suka bari a bayan gininmu, muna hawansa muna sulɓowa a kan kwali.

Kawu Issufu ƙanin Inna ne. Karatu ya kawo shi Lyon, ilimin ƙasa da duwatsu, ya gama ya samu aikin bincike ya zauna da matarsa, Tanti Mariyama, da ɗiyarsu guda. Kusan kowane wata sai wasiƙarsa ta zo, a ciki da hoto. Ga Zuwaira a kan ƙaton dutse ta ɗaga sanda. Ga ta a gaban ruwa mai zubowa daga sama. Ga ta bakinta ya yi shuɗi da wasu 'ya'yan itace, ubanta ya dafa kafaɗarta. Inna takan jingina hoton a kan talabijin, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata. "Ɗiyar Issufu ke nan, ba ta zaman banza," in ji ta, kuma ko ba ta dube ni ba na san inda maganar ta nufa. Abin da ya fi ci mini rai a hotunan shi ne hannun nan da ke kafaɗarta. Ban tuna ranar da Baba ya fita da ni don yawo kawai ba. Wata rana na saci hoto guda na kai lakwal, na ce wa 'yan ajinmu dutsen kawuna ne, mu ma muna zuwa duk hutu. Suka tambaye ni ina nawa hoton, na ce ni ce na ɗauka.

Da aka ce zan je Lyon hutun mako biyu, na yi murna, na kuma yi shiri kamar mai zuwa gasa. Na tafi da labaran Paris cike da baki, amma Zuwaira ba ta yi gardama da ko ɗaya ba. Saurara kawai take yi tana tambaya, cikin Hausarta mai tsami da Faransanci ya cinye rabinta. A daren farko ba mu yi hira ba, sai da safe ta jawo wani littafi daga ƙarƙashin katifa ta ɗora mini a cinya. Kaye ne irin na lakwal, mai koren bango, ya kumbura har sai da ta ɗaure shi da roba. Shekara uku tana cika shi. Kowace hanya da suka bi ta zana ta da alƙalami mai launi, ta manna ganyen da ta tsinko, ta rubuta sunansa da Faransanci, ubanta kuma ya rubuta a ƙasa da ɗan siririn rubutunsa abin da ya yi kama da shi a dajin Maradi. A wani shafi ya sa, "Wannan ɗan uwan sabara ne, amma ba ya jin ƙishi." Na yi ta juya shafuka ina cewa ba laifi.

To ranar Asabar ɗin nan muka kama hanya mu uku, Tanti ta zauna gida. Zuwaira ce a gaba. A jikin itatuwa da duwatsu an shafa ɗan fenti, layi biyu, kuma ita ke hango shi tun daga nesa ta ce nan za mu bi. Ni ko na zura ido ba na ganin kome sai ta nuna. Hanyar ta yi ta hawa cikin inuwa, saiwoyi sun fito kamar jijiyoyin hannun tsoho, takalmina yana santsi a kan jiƙaƙƙen ganye. Sau biyu na faɗi, farin takalmin ya koma launin laka. Kawu yakan miƙo hannu ya ce, "Sannu ɗiyata, a hankali ake yi," ni kuma sai in ƙi kamawa. Da muka isa wurin da ake kira Saut du Gier, inda ruwa ke faɗowa daga kan wani baƙin dutse mai tsawon da ya fi gininmu a idona, na tsaya baki buɗe. Feshin ruwan yana taɓa fuskata, ƙararsa ta cika kunne. Na ɗan manta da kaina. Sai na juya na ga Zuwaira ta haye wani dutse ta zauna daidai inda take a hoton da na sata, ta buɗe littafinta, ubanta ya sunkuya a kanta suna magana ƙasa-ƙasa suna dariya. Ashe har wurin zama take da shi a nan.

Daga nan hawan ya ƙara tsanani. Kawu ya ce in muka dage za mu ci abinci a wata tsohuwar gona da ke can sama, mai ƙararrawa da ake kaɗawa dā don waɗanda suka ɓata cikin hazo, sannan mu ƙarasa ƙololuwa, Crêt de la Perdrix, inda in sama ta washe ake hango duwatsun Alpes da farar ƙanƙara a kansu. Wannan ƙololuwar nake so. A raina na riga na ga hotona a kan talabijin ɗin Inna. Muka gamu da wasu tsofaffin Turawa biyu suna saukowa, ashe sun san Zuwaira, suka kira sunanta, matar ta ce a nuna mata sabbin shafuka. Suka yi ta yabo. Ni aka ce ga 'yar uwarta daga Paris, suka yi mini murmushi suka dubi takalmina.

Can gaba daji ya yanke, muka fito wani wuri da ban taɓa ganin irinsa ba. Duwatsu ne masu toka-toka, manya kamar akwatuna, sun zubo daga sama har ƙasa kamar kogin da ya daskare, babu ƙasa babu ciyawa a tsakaninsu. Kawu ya ce mutanen wurin shira suke kiransa, sanyin zamanin dā ne ya farfasa dutsen ya bar shi haka, kuma ramukan da ke tsakani wasu sun fi tsawon mutum zurfi. Ya ce mu huta. Shi ya ɗan matsa gefe yana ƙwanƙwasa wani dutse da 'yar gudumarsa. Zuwaira ta hango mirtil a bakin daji, 'ya'yan itacen nan masu shuɗa baki, ta ajiye littafinta kusa da ni ta ce in duba mata, za ta tsinko mana.

Ba zan ce tsautsayi ba ne, don na daɗe da daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Littafin yana kan dutse, tsakaninsa da wani baƙin rami bai fi taki guda ba. Na dube shi, na dubi bayan Kawu, na sa gefen takalmina na tura shi a hankali. Na ji ya bugi dutse sau ɗaya, ya sake buga wani can ƙasa, sai shiru. A wannan ɗan lokacin wani sanyi ya ratsa ni mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Bai kai ƙiftawar ido ba ya juye ya zama tsoro.

Zuwaira ta dawo da mirtil cike da hula. Na ce iska ce, alhali ko ganye ba ya motsi. Ba ta yi kuka nan da nan ba, ta durƙusa ta leƙa ramin ta yi ta leƙawa. Kawu ya kwanta rub da ciki ya zura hannu har kafaɗa, ya gwada da sanda, ya ɗaura ƙugiya a igiyar takalmi, ya yi ƙoƙarin kawar da wani dutse har ya yanke shi a damtse, jini ya ɓata masa riga. Ana hango ɗan koren bangon can ƙasa, ba ya kamuwa. Mun fi awa biyu a wurin. Da ya miƙe, ya dubi rana ya dubi hannunsa ya ce sai mu juya, ƙololuwa sai wani jiƙon. Muka kama saukowa. Ni ce a baya, ina jin shessheƙar Zuwaira, kuma abin kunya, rabin baƙin cikina na hoton da ban samu ba ne.

Washegari aka aike mu sayen burodi. Mun sauka matakala mun fita titi, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Na gan ki. Na juyo zan tambaye ki ko kina son da yawa." Na tambaye ta ko za ta gaya wa Kawu. Ta ce a'a, in ta faɗa za a mayar da ni Paris, ita kuma ba ta taɓa samun wadda za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Ta ce a Lyon ba su da kowa, shi ya sa suke zuwa dutse duk Asabar, kuma in Tanti tana ba da labarin sunan da aka yi a gidanmu, da mata cike da falo, da yara a matakala, ita sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na so in ba ta haƙuri, bakina ya ƙi. Maimakon kunya ta ishe ni, sai na ji wani sabon ƙyashi, wai har a haƙuri ma ta fi ni. Na ƙarasa kwanakina muna wasa kamar ba abin da ya faru. Ba ta sake fara wani littafin ba, Kawu kuma har ya bar duniya yana cewa iska ce.

Bayan shekara uku suka koma Nijar. Sai da muka yi aure duka biyunmu, na je Maradi, sannan na iya buɗe baki na roƙe ta gafara, ta yi dariya ta ce ai ta manta, ko da yake ta faɗi launin robar da ta ɗaure shi da ita. Yanzu aiki ya kawo ni Lyon da zama, 'ya'yana sun girma sun watse, Hausarsu ba ta kai ta Zuwaira ta wancan lokaci ba. Bara na hau ƙololuwar nan ni kaɗai, sama ta washe tas, ga Alpes fari fat a gabas. Na kira ta don in gaya mata. Ta ɗauka cikin hayaniya, ana sunan jikarta, ina jin guɗa da ƙarar turmi da muryoyin mata suna kiranta ta kowane gefe. Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, gida ya cika, zan kira ki anjima." Na zauna a kan dutse da waya a hannu, iska tana kaɗa mini gyale, ina sauraron shirun da ya biyo baya. Har yanzu inda Zuwaira take, nan nake so in kasance.