Kawu Dauda da Turancin Bola

Duk wanda ya taɓa jerawa da kawuna Malam Dauda a hanya ya san ba a sa ran isa da wuri. Kuna cikin tafiya sai ya ci birki, ya ce, "Kai! Turanci a ƙasa!" Ya sunkuya ya ɗauki kwalin ashana ko gwangwanin madara, ya karkaɗe, ya jefa a aljihu. Tun da tsuke bakin aljihu ya zo, littattafai suka yi ƙaura daga firamaren ƙauyenmu, can wajen Gammo. Shi kuwa ya rantse 'yan aji ukunsa sai sun karanta Turanci, ko daga bola ne.

Ni ne ciwon kansa. Shekarata biyu a ajinsa, haruffa suna kallona ina kallonsu. Ran nan Babana ya gaji, ya ce masa, "Malam, in aka yi girbi yaron nan bai iya karatu ba, shanu na jiransa." Wallahi sai da na yi kuka, don duk daƙiƙancina ina son makarantar nan. Kawu ko kallona bai yi ba, cewa ya yi, "Girbin gero ko na dawa?" Baba ya ce na gero. Suka yi ta ciniki kamar a kasuwar shanu, har ya samo mini na dawa.

Daga ranar na shiga uku. Ranar kasuwar Kabo ya goya ni a keke muka je wajen Inna Talatu mai ƙosai. Ta ƙunshe masa a tsohuwar jarida, ya warware, ya duba takardar.

"Inna, canza min, wannan hoto ne zalla."

"Malam, ƙosan za ka ci ko takardar?"

"Ƙosan na yaron ne. Amma sai ya karanta layi ɗaya zai ci ɗaya."

Jama'a, ranar ƙosai biyu na ci. Sauran takwas a gabana ya cinye su, yana cewa laifina ne.

Alli kuwa kada ku tambaya. Guda ɗaya yake karyawa uku, in guntun ya fi ƙarfin yatsa ya soka shi a tsagin kara ya ci gaba. Hedimasta ya taɓa ba shi sabon kwali. Ya kai gida ya kulle a akwati, wai kada allin ya saba da fita.

Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a, aka rufe wani gidan giya a hanyar Gwarzo, aka yar da allon ƙofar. Ƙaton allo ne, haruffa manya-manya kamar tafin hannu. Kawu ya ɗaure shi a bayan keke, ni ina tafe ina tallafe. Sai ga samarin nan masu sa ido kan bin Shari'a sun tare mu.

"Subhanallahi! Malam, har da kai?"

"Hoton kwalbar na kankare tun a can," in ji shi. "Haruffan ba su sha komai ba."

Babbansu ya fara ɗaga murya. Kawu ya juya masa allon, ya ce, "To, karanta mana abin da ya ɓata maka rai." Saurayi ya bi haruffan da ido, ya kasa karanta ko ɗaya. Kawu ya hau kekensa ya ce, "Gobe ƙarfe takwas, aji uku. Ka zo da tabarma, benci ya ƙare."

A jikin allon nan idona ya buɗe, Allah ya yafe mu.

Da aka yanke dawa Baba ya kira mu zaure. Shi ba ya jin Turanci, na ɗauka ko me na faɗa zai wuce. Ashe kwalbar maganin shanu ya tanada. Ya ce, "Faɗa min cokali nawa ake ba ɗan maraƙi." Kawu ya ɗaga kai yana ƙirga azara. Na bi layin da yatsa, ina tuntuɓe ina tashi, har na ce, "Baba, ɗaya aka ce. A haɗa da ruwa."

Baba ya ce, "Uku nake ba su. Shi ya sa!" Maruƙa biyu ya rasa da damina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Kawu, "Malam, riƙe shi."

Kawu ya share ido da hannun riga, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa masa. Ya miƙa hannu ya ce, "In maganin ya ƙare, kwalbar tawa ce."

Bai bar ɗa ko ɗaya ba a duniya, amma ranar jana'izarsa sai da sahu ya kai bakin gona, kuma yawancinmu 'yan aji uku ne. Ni dai ban taɓa yi masa godiya da baki ba, kunya ta hana, kuma abin yana ci na har yau. Allah ya jiƙan Kawu Dauda, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Amin.