Shekarar da Injin Tokuji Ya Koma Sifili

In ka ambaci Tokuji a unguwarmu ta Kofu, sai a ce, "Au, mai lissafin fure?" Ƙuruciyarsa kaf a wata masaƙa ya yi ta, yana rubuta wa kwamfuta umarni. Amma abin alfaharinsa wani ɗan aiki ne da ya yi wa kansa: da Fabrairu ta kama, kullum sai ya shigar da zafin ranar, injin ya gwada da na shekarun baya, ya faɗi ranar da sakura, bishiyar furen nan ta bakin rafi, za ta buɗe. Matarsa Sumie kuwa toho take murzawa da yatsa ta faɗi tata ranar. Wanda ya kuskure shi ke wanke-wanke. Wani zubin shi, wani zubin ita.

Da jiki ya ƙi, aka kai Sumie gidan kula da tsofaffi. Bana likita ya ce fita ɗaya tak za ta yi ganin furen, kuma a tsayar da rana tun da wuri. Baɗi kuwa, babu mai yi musu alkawarinta.

Tokuji ya kunna injin, injin ya ce bai san komai ba. Ashe da shekarun zamanin Sarki Showa na Japan yake ƙirge, kuma gurbin lamba biyu ya ba su. Zamanin ya shuɗe, shi bai daina ƙirgawa ba. Bana aka cika ɗari, injin ya ga sifili biyu, ya ɗauka yau aka fara duniya.

Da ya je ya faɗa mata, Sumie ta yi dariya har da tari. "Baban yara, ashe ba ka zaci za mu kai ba!"

"Wa ya san za ki yi taurin rai haka?"

"Je ka taɓo min toho."

Ya je ya dawo. "Kamar waken da ya kwana a ruwa."

"Bakinsa ya yi ja?"

"Ɗan kaɗan."

"Laraba."

Ranar Laraba ya turo ta a keken marasa lafiya zuwa bakin rafi. Rassa fayau, sai 'yan furanni a can ƙasa, daidai inda mai zaune zai gani.

"Ta buɗe," in ji Sumie. "Kwanuka na jiranka."

"Ai tun bara ni ke wankewa."

Ta kama hannunsa.