Manyan Kalmomin Da Na Ɗora Wa Ɗan Yayata

Da ana komawa baya, abu guda zan warware a rayuwata: ranar da na sa yayata ta fitar da ɗanta daga lakol, wato makarantar boko, ta miƙa mini shi. Yau na tsufa, idona ba ya gani sosai, jikata ce ke rubuta wannan daga bakina, amma abin yana nan a ƙirjina kamar jiya.

A shekarar da muka samu mulkin kai ni saurayi ne a Gidan Rumji ta ƙasar Maradi, mai son a gan shi. Na ɗan taɓa lakol, na fita ban samu satifika ba. Daga nan na yi cin rani wajen dangimmu a ƙasar Katsina, ina ɗaukar buhunan gujiya a wurin awo. A bakin akawun wurin na tsinci gaisuwa da ƙirga cikin Ingilishi, da zan dawo kuma na sayi tsohon ƙamus a kasuwar Jibiya. Ina isowa gida labari ya bazu cewa na iya harshen Turawan kudu. Ban ƙaryata ba. Bayan la'asar ƴan lakol suka riƙa taruwa a zaurenmu in koya musu.

Hanyar karatu guda na sani da kyau, wadda aka koya mini Alƙur'ani da ita: allo, tawada, hadda. Sai in buɗe ƙamus in bi shafi da yatsa, in tsallake gajerun kalmomi don a ganina na yara ne, in zaɓi wadda ta fi tsawo in rubuta a allo. Ina furta su da lafazin Faransanci, tunda da shi na koyi haruffa a lakol. Ma'ana kuwa, ƙamus ɗin da Ingilishi yake fassara Ingilishi, ba na gane komai, sai in ƙirƙiro abin da ya zo bakina. Yara su yi ta rerawa har maƙwabta su leƙo suna sa albarka.

A cikinsu akwai ɗan yayata, maraya, wanda ya fi kowa kai. Mushe, wato malaminsu na lakol, ya riga ya ce yaron nan zai ci jarrabawar shiga kwaleji a Maradi. Ni kuwa na ji daga dangimmu cewa akwai makaranta a Katsina da ke karɓar yaro in ya iya Ingilishi, na ƙudura ta hannuna zai shiga, a ce ni na kai shi. Na ce wa yayata ta ba ni shi damina guda. Mushe ya tako har gida, ya ce in yaron ya fita ba za a ajiye masa gurbi ba. Na tashi gaban mutane na zuba masa dogayen kalmomina, na ce in ya isa ya amsa. Ya ce shi bai san Ingilishi ba, amma ya san yaro mai karatu. Samari suka bushe da dariya, suna cewa mushe ya ji ruwan da ya fi ƙarfinsa. Da suka watse yayata ta kira ni ɗaki, ta ce ɗan nan shi kaɗai ubansa ya bar mata, in faɗa mata tsakanina da Allah ko na tabbata. Na rantse mata.

Yaron ya yi hadda kamar ransa zai fita. A gona yana noma yana rerawa, a bakin rijiya haka. Bayan girbi muka hau babbar mota ta Maradi muka sauka Katsina. Malamin da ya gwada shi dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambaye shi cikin Ingilishi, daga baya na ji ashe sunan garinsu ya tambaya, da abin da ya ci da safe. Yaron ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya ɗaga kai, ya fara jero kalmomin allo ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ba. Malamin ya bar shi ya gama, ya ce ya jira a waje. Sannan ya dube ni ya ce da Hausa, yaron nan kansa zinariya ne, amma an cika shi da kalmomin da ko shi malamin bai cika amfani da su ba, an ɓata furucinsu, ba kuma wadda yaron ya san inda ake sa ta. Ya tambaye ni wane mara tsoron Allah ya yi masa haka. Na ce wani ne a garinmu.

Da na fito na tarar da yaron tsaye a rana yana jira. Ya ce kawu, ya aka yi. Nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na ce masa malamin ya ce haddarsa ba ta zauna ba. Bai yi kuka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, ya ba ni kunya.

A gida lakol ta ƙi karɓarsa, an ba wani gurbinsa, shekarunsa kuma sun wuce. Ya koma gona, daga baya ya samu jaki da amalanke yana kai kaya kasuwar Cadakori. Waɗanda yake gaba da su a aji suka zama ma'aikatan buro, masu zaman ofis, yana ɗaukar musu buhuna. Yayata ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai har ta rasu ba ta ƙara neman shawarata a kan komai ba. Shi kuwa kowace kaka sai ya kawo mini damin gero na fari, ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya riga ni tafiya. A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi, yana kwance da furfura a gemu, ya ce mini har yau yana tunanin da ya ƙara ƙoƙari a waccan damina da wahalata ba ta tafi a banza ba. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, na ga ƴaƴansa zaune kewaye, na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya rasu yana ganin kansa ne bai ja ba.

Ina jin yanzu yara na neman Ingilishi ko'ina, iyaye na murna in ɗa ya furta babbar kalma. Ku tambaye shi me take nufi, ku sa ya yi magana da ita. Kalmar da yaro bai iya neman ruwa ko ba da labari da ita ba kaya ce kawai a kansa. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, kada ya zauna a tabarmar malami. In kuwa ka riga ka cuci yaro, don Allah ka faɗa masa laifin naka ne tun yana iya jinka. Ni na bari har aka rufe shi, yanzu ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku.